Hoton Gonar Maharazu

Daga ƙofar ɗakin Kulu zuwa gonar tumatirin mijinta tafiyar minti ashirin ce, idan mutum bai tsaya gaishe-gaishe ba. A bi ta bayan firamare, a haye kwalbati, a miƙe gefen kanal har gindin ɗinya. Kulu ta san hanyar sarai, domin a bakin kanal ɗin nan ta girma. Amma tun ranar da aka shigo da gawar mijin nata, Maharazu, daga titin Zariya, da gonar da Makka nisansu ɗaya a wajenta. Takaba take yi, wata huɗu da kwana goma, kuma ko rabi ba ta ci ba.

Malamin unguwa ya faɗa a gaban kowa cewa mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama. Inna, mahaifiyar marigayin, ta saurare shi har ya dire, ta sa aka dama masa fura, yana fita ta ce a gidan nan ba a taɓa yi ba, kuma ba a kan ɗanta za a fara ba. Maganar ta mutu a nan. Kulu ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya, ba wuce ƙofar tsakar gida. Abin da ya rage mata na duniyar waje shi ne turmi. Idan Inna ta tayar da sallar walaha, sai ta kifa shi a jikin katanga ta hau, ta hango kan ɗinyar can nesa, ta sauko kafin tsohuwar ta sallame.

Tumatirin dashen baya ne. Da gangan Maharazu ya jinkirta shi, don ya nuna a lokacin da kaya suka yi ƙaranci a kasuwar Kwanar Gafan, 'yan kudu suna bin manomi har gona. Kulu ce ta reni irin a bayan ɗakinta, ta yi masa rumfar kara, tana shayar da shi da buta safe da yamma, har aka cire aka dasa. Kwana bakwai da dashe mai gonar ya tafi.

Ranar sadakar arba'in maza suka zauna a soro, Kulu tana jin su ta katanga. Aka ce gona ta marayu ce, Ni'ima da Binta, kuma Tambaya, yayan marigayin, shi zai kula da ita har a tsinke. Bayan nan sai a duba. A wurin ne Tambaya ya ce wani Alhaji Dattijo ya yi masa maganar haya ta shekara uku, tunda gonar tana kusa da ƙofar ruwa. Sau ɗaya ya faɗa, ba wanda ya tanka, aka shafa fatiha. Amma Kulu ta ɗauki maganar ta ajiye a ƙirji. Lissafin a fili yake. Idan tumatir ya yi kyau, tana da bakin cewa a bar wa 'ya'yanta gonarsu ta ci gaba da juya ta. Idan ya lalace, ba ta da ta cewa.

Matan da ke zuwa gaisuwa kuwa, Allah ya saka musu, ba su zuwa hannu rabbana. Kowace da labarinta. Wance ta Bunkure ta fita takaba ta tarar an sayar da injin ban-ruwa. Wance ta Madobi aka ce mata shinkafa ta lalace, ashe a gidan ƙanin miji aka sussuke ta. Su faɗa, su sha kunu, su gyara mayafi su tafi, su bar ta da bango huɗu da labaran.

Kwana uku bayan arba'in Tambaya ya yi sallama a soro. Ta zo bayan ƙyaure ta tsuguna, kamar yadda suka saba tun rasuwar, shi yana can, ita tana nan.

"Maman Ni'ima, sharon ta shiga gonar."

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san sharon, tsutsar nan 'yar mitsitsiya da ke shiga cikin ganye idan zafi ya kama, ta cinye shi daga ciki, ta gama ta koma kan 'ya'yan.

"Yanzu ta fara," in ji shi. "In aka yi feshi uku a jere za a ci ƙarfinta. Nawa maganin ko gonata ba zai kai ba. Ki ba da buhu biyu na shinkafa shanshera a sayar, gobe in shiga Kura in sayo."

Buhu uku na shinkafar damina Maharazu ya bari a sito, kuma mabuɗin yana ɗaure a bakin zaninta. Tambaya ya turo hularsa ta ƙarƙashin ƙyaure, cike da ganye. Ta ɗaga ɗaya a rana. Ga zanen tsutsar nan fari-fari, ba ko tantama. Sai dai wata zuciya ta ce mata ganye ba ya faɗin gonar da aka tsinko shi. A ce gona ta kamu, a karɓi shinkafa, a dawo a ce magani bai yi ba, sai Alhaji Dattijo. Ta ji kunyar tunanin, amma ba ta kore shi ba.

"Yaya, a ɗauko min hoton gonar," ta ce a hankali. "Da ɗinyar a ciki."

Tambaya ya janye hularsa ta ƙarƙashin ƙyaure.

"Da ɗinyar a ciki," ya maimaita. "To."

Da azahar hotuna huɗu suka shigo tsohuwar wayar Maharazu, wadda ita ce a hannunta yanzu. Wayar ta sha duniya. Fuskarta duk karce, bayanta ɗaure da roba, har yau tana warin fetur ɗin injin ban-ruwa. Kulu ta shiga ɗaki ta duba, ta fito rana ta duba, ta goge gilashin da bakin mayafi ta sake dubawa. Kore-kore da ja-ja a dame kamar miyar da aka zubar, ɗinyar kuwa sai ka ce hayaƙi. Ba ta ga tsutsa ba, ba ta ga rashinta ba. Ta juya wayar a hannu, ta yanke hukunci cewa idon wayar nan ne ya mutu.

Da yamma Gwaggo Zuliha ta leƙo. Ita ce shugabar matan da ke tsinkar tumatir a gonakin gefen kanal, mace mai murya kamar ta lasifika. Ta ce ta wuce ta gindin ɗinya da safe, kuma abin da ta hango bai yi mata daɗi ba. Kulu ta yi godiya. A ranta kuwa ta tuna cewa Zuliha a gonar Tambaya take tsinka duk rani, shi ne ma ke biya mata kuɗin mashin. Wanda aka kulle shi da zargi, kowa ya buɗe baki sai ya ji muryar mutum ɗaya. Ita dai idonta take so, ba kunnenta ba.

Sai ta kira ƙanwarta Khaulat, wadda ke karatu a birni tana zaune wajen gwaggonsu a Kumbotso.

"Waya nake so, wadda hoto ke fita tar a cikinta."

Ba ta faɗi dalili ba. Yaya za ta buɗe baki ta ce wa yarinya tana zargin yayan mijinta? Khaulat kuma ba ta tambaya ba, don murna. Shekara uku tana yi wa gidan yayarta tsiya a kan wayar nan mai ɗaurin roba.

"Alhamdu lillahi, yau an waye! To Yaya, ram nawa kike so, huɗu ko takwas?"

"Mene ne shi kuma?"

"Kamar faɗin tsakar gidan wayar ne. In ya yi kaɗan, da kin buɗe abu biyu sai ta riƙa maƙalewa. Sai memori, shi ne rumbunta. Sai batir. Sai firosesa, ƙwaƙwalwarta ke nan. Kada ki yarda a ce miki waya duk waya ce, specs, wato kayan cikinta, suna da muhimmanci wallahi."

"Ni hoto na ce miki."

"Ai nan za mu zo. Akwai mai mega hamsin, akwai mai ɗari da takwas."

Daga ranar wayar Maharazu ba ta huta ba. Khaulat tana da wani ɗan ajinsu, Lukmanu, mai teburin waya a kasuwar birni, kuma shi da ita ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ita ta ce yawan mega shi ne magana. Shi ya ce ƙarya ne, lamba ce kawai ake rubutawa a kwali don a ruɗi mutanen ƙauye, girman idon da ke ciki shi ne aiki. Ita ta turo saƙon murya na minti huɗu. Shi ya turo na minti shida ta hannunta. Wata wayar idonta uku a baya, wata huɗu amma biyu na ado ne. Wata tana cika caji kafin a dafa shayi, amma tana zafi. Wata ba ta jin ruwa. Kulu, wadda sati ɗaya da ya wuce ba ta san waya tana da ƙwaƙwalwa ba, sai ga ta kwance a tabarma tana auna takwas da huɗu.

Gwaggo Zuliha ta saurari ɗaya daga cikin saƙonnin, ta kwance 'yar wayarta mai tocila daga bakin zani ta ɗaga sama.

"Kin ga wannan? Sau biyu tana faɗawa kanal. In shanya ta a kan murfin tukunya ta tashi. Caji ɗaya, kwana biyar. In na kira a ji ni, in an kira ni in ji. Duk sauran surutun yara ne."

Gaskiyar da Kulu ba za ta faɗa wa kowa ba ita ce, abin ya yi mata daɗi. Tun rasuwar, kullum sai dai a gaya mata abin da ba a yi. Ba a fita, ba a dariya da ƙarfi, ba a sa jan zani. Yau ga wasu can a birni suna gardama a kan abin da take so, har ana tambayarta baƙa ko shuɗiya. Sai ta riƙa ja wa zaɓen rai kamar mai tsotsar alewa.

A kwana na uku Tambaya ya dawo soro. Ta ce tana shawara. A na biyar ya sake dawowa, muryarsa a dushe saboda warin magani.

"Maman Ni'ima, abin nan ba ya jira. Duk kwanan da ya wuce, nata ne. Ta hau ganyen sama."

"Na ji, Yaya. A ɗan ƙara min haƙuri."

"Ni ba ni ke buƙatar haƙurin ba," ya ce, ya tashi.

Ta so ta kira shi, ta kwance mabuɗin ta tura masa ta ƙarƙashin ƙyaure kowa ya huta. Har hannunta ya kai bakin zani. Sai ta tuna matar Madobi, ta mayar da hannun. Kwana biyu ne kawai, ta gaya wa kanta. Waya ta zo, ta buɗe hotunan nan huɗu, ta gani da idonta. In gaskiya ne, ga buhu na uku nan.

A kwana na bakwai Zuliha ta kawo wata mai gyaran shinkafa, aka fitar da buhu biyu a baro. Inna ta bi buhunan da kallo, ba ta hana ba. Ita muddin ƙafar surukarta tana cikin gida, to abin da ke sito nata ne da 'ya'yanta. Tambaya ya ga baron a hanya, ya zo da la'asar da saurinsa, har yana tuntuɓe da dokin ƙofa.

"Madalla, Maman Ni'ima. An makara, amma za a tsira da rabi in Allah ya so. Kawo in tafi tun ba a rufe shago ba."

Kulu ta sunkuyar da kai a bayan ƙyaure.

"Na aika wa Khaulat, Yaya."

"Ita za ta sayo maganin?"

"Waya za ta sayo."

Ba ta ga fuskarsa ba, ƙyaure ya yi mata wannan rufin asirin. Ta ji dai ya ja numfashi, ta ji yana laluben takalminsa, ya daɗe bai samu ƙafa ɗaya ba.

"Allah ya sa a yi amfani da ita lafiya," ya ce. Daga ranar bai sake yin sallama a soron ba. Gaishe da Inna ma sai ya koma yi ta waya.

Ranar Asabar, kwana tara ke nan, Khaulat ta sauka a motar Garun Mallam ta hau mashin, ta iso da kwali a cikin jaka. Mai ram takwas ce, mai mega ɗari da takwas, shuɗiya. A ƙarshe ita ta ci gardamar, ko da yake Lukmanu ya ce ba don megan ya yarda ba, don idon cikin yana da girma ne. Ta sauya layi, ta kwashe komai daga tsohuwar wayar ta zuba a sabuwar, ta jera Ni'ima da Binta a jikin katanga ta ɗauke su. Hoton ya fito har ana ganin ƙwayar gero a leɓen Binta. Inna da kanta ta karɓa ta kai kusa da hanci, ta ce ikon Allah. Khaulat ta nuna wa yayarta inda ake danna hoto, da jan ɗigon da ake danna bidiyo, da yadda ake buɗa yatsu biyu abu ya matso. Kulu tana ta gyaɗa kai, tana Allah-Allah yarinyar ta tafi.

La'asar na yi Khaulat ta fita don kada ta rasa mota. Kulu ta shige ɗaki ta saki labule, ta yi bisimilla, ta nemo saƙon Tambaya.

Kore-kore da ja-ja a dame. Ɗinya kamar hayaƙi.

Ta buɗa yatsu biyu yadda aka koya mata. Damen ya ƙara girma, ya cika fuskar wayar, fes da shi, ba karce ko ɗaya da za ta ɗora wa laifi. Ta duba na biyu, na uku, na huɗu. Ta kira Khaulat, wadda ke cikin mota ana ta hayaniya.

"Wayar nan ba ta da kyau. Hoton bai fito ba."

"Wane hoto? Na su Ni'ima?"

"Na gona. Wanda Yaya Tambaya ya turo."

"Da wace waya ya ɗauka? Ba dai wannan tasa mai fasasshen ido ba?"

"Ita ce."

"Haba Yaya! Ai daga can ya lalace. Hoto yadda wayar da ta ɗauke shi ta gan shi, haka zai zauna har abada. Taki nunawa kawai take yi. Ko wayar miliyan kika saya haka za ki gan shi." Sai ta rage murya. "Wai don wannan kika sayi wayar? Me ya sa ba ki gaya min ba? Ai da a gonar ya kamata kyamarar take, ba a ɗakinki ba."

Kulu ta kashe kiran. Ta zauna a bakin gado da buhu biyu na shinkafa a tafin hannu, shuɗi, mai santsi. Ta sayo ido mafi kyau a unguwar, ta kawo shi ɗaki ta kulle shi tare da ita. Kuka ya zo mata, amma ko shi sai da ta toshe baki da filo, don Inna tana tsakar gida.

Washegari da sassafe ta aika Ni'ima ta kira Gwaggo Zuliha. Ta zaunar da ita, ta nuna mata jan ɗigon.

"Ki fara daga ɗinya, Gwaggo. Ki bi fangali-fangali a hankali, ki riƙa sunkuyawa kusa da ganye."

"Ni da na gaya miki da bakina tun kwana goma?"

"Ki yi haƙuri."

"Wato bakina ba shaida ba ne, sai na wannan abar." Zuliha ta karɓi wayar da yatsu biyu kamar an ba ta ɗanyen ƙwai. "Yarinya, kin iya ɓata wa mutane rai kina zaune wuri ɗaya."

Ta tafi, ta dawo da hantsi tana gumi. Aka buɗe. Minti bakwai cur na fuskar Gwaggo Zuliha, daga ƙasa, hancinta da haɓarta da sararin sama, tana tafe tana mita. Ashe yatsanta ne ya taɓa wani wuri kyamarar ta juyo. Ni'ima da Binta suka faɗi ƙasa don dariya, Zuliha ma ta dara har da tafawa, ta ce ashe haka hancinta yake ba wanda ya taɓa gaya mata. Kulu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta gyara, ta roƙe ta don girman Allah ta koma.

Sai bayan azahar ta dawo, kuma wannan karon ba ta shigo da mita ba. Ta miƙa wayar, ta nemi inuwa ta zauna.

Lukmanu da Khaulat ba su cuce ta ba. Ruwan kanal ya fito yana sheƙi, har ana ganin 'yan kifi a gefe. Ga ɗinyar, kowane ganye daban. Ga malafar Maharazu a rataye a reshen da ya saba rataye ta, rana ta ci gefenta, ba wanda ya taɓa. Kulu ta danne ƙirji da hannu. Sannan hoton ya gangaro ƙasa.

Kamar an bi gonar da wuta. Fangali bayan fangali, ganye ya koma ruwan ƙasa, ya nannaɗe, ya bushe a tsaye. Inda Zuliha ta sunkuya, sai ga 'ya'yan tumatir ƙanana kore, waɗanda da yanzu sun fara ƙosawa, kowane da baƙin huji a kusa da hancinsa. Ana jin numfashin Zuliha da ƙarar silifas ɗinta, tana tafe tana salati ƙasa-ƙasa. Kulu ta san kowane tsiro a nan. Da butarta ta shayar da su suna da ganye biyu.

Can ƙarshen bidiyon hoton ya juya wajen ƙofar ruwa, sai kore ya cika fuskar wayar. Fangali huɗu, shar da su, sun yi fure, sun ɗauki 'ya'ya lafiyayyu. Tsakaninsu da ƙonannun ko taku ɗaya babu, kamar an ja layi da igiya.

Kulu ta ɗago. "Gwaggo, nan fa? Gonar wa ce?"

"Taku ce mana."

"To yaya aka yi..."

"Nan ne inda maganinsa ya kai," in ji Zuliha, ba ta ko kalle ta ba. "Nasa ya raba. Ya bar gefen gonarsa na yamma tsutsa ta cinye, ya zo ya fesa wa marayu fangali huɗu, sau uku. Ya ce ko na miya su samu. Da kin ba da buhunan nan ranar da ya tambaya, da duk gonar haka take."

Ta tashi ta kakkaɓe zani ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

Kulu ta kira lambar Tambaya. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, haka. Ta danna wurin saƙon murya, ta ce "Yaya," sai sauran maganar ta ƙi fitowa, ta goge. Ta san irin wannan ban-haƙuri ba a aika shi. Da ƙafa ake zuwa, a durƙusa a gaban mutum a ƙofar gidansa, matarsa tana ji. Gidan nasa kuwa ga shi nan, lungu biyu kawai za a bi daga nasu. Saura wata biyu da rabi kafin ta iya taka wannan hanyar, kuma kafin nan an gama tsinkar fangali huɗu, maza sun sake zama a soro, an sake ambaton Alhaji Dattijo. Wannan karon ba ta da abin da za ta ce ta bayan katanga.

Da la'asar sakaliya ta ji ƙarar mashin ɗinsa daga wajen kwalbati. Ta san shi, salansarsa a fashe take. Ta tashi da sauri, ta ratsa tsakar gida, ta wuce Inna da ke jan carbi, ta isa ƙyauren soro ta dafa shi. Mashin ɗin ya rage gudu daidai ƙofar gidan, saboda ramin da ke wurin. Ya kauce wa ramin, ya ƙara mai, ya wuce.

"Kulu," in ji Inna daga bayanta, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kin yi kusa da ƙofa."

Ta saki ƙyauren ta dawo ɗaki. Wayar tana kan gado, cajinta ko kwata bai taɓu ba. Saƙo ya shigo daga Khaulat, da 'yar fuskar dariya a ƙarshe, tana son ta wanke maganar jiya: "Yaya, kin gwada ta a gonar? Ya kyamarar, ta yi clear?"

Kulu ta koma kan bidiyon, ta tsayar da shi a kan wani ganye da bai gama mutuwa ba, ta buɗa yatsu biyu. Ganyen ya matso. Ta ƙara buɗawa. Ga farar hanyar da aka ci a cikinsa, a ƙarshenta kuma ga tsutsar kanta, kore-kore, da ɗan baƙin kai, kwance abinta a ƙoshe.

Ta danna saƙon murya.

"Ta yi," ta ce. "Ba abin da ba ta nuna min ba."